Daga Kwalejin Katsina zuwa Samaru: ƙaramar makaranta ko babbar jami'a?

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai dare.

Ranar Juma'ar da ta wuce ƙanwata ta kira ni daga gida, Kumagannam. Bayan mun gama "kina ji na, kana ji na" sabis ya daidaita, sai ta ce: "Yaya, mako mai zuwa za mu je cike fom ɗin JAMB. Ni Zariya nake so. Baba kuma ya ce ga jami'a nan a Gashuwa, me zai kai ni uwa duniya. Don Allah ka yi masa magana." Na tambaye ta me take son karantawa. Ta ce likitanci, in bai samu ba lauya, in kuma ba haka ba ko kwamfuta ma ta yi. Na ce to me ya sa sai Zariya? Ta ce ai ita ce babba, kowa ya san sunanta.

Ban ba ta amsa a ranar ba. Na kwana biyu ina juya maganar, kuma da yake tarihi nake karantawa, sai na tarar Arewa ta daɗe tana fama da wannan tambayar. Mun gwada ƙaramar makaranta ta zaɓaɓɓu, mun gwada babbar jami'a, kowacce kuma ta bar mana darasi.

A Amurka muhawarar ta fi fitowa fili. Suna da manyan jami'o'i irin su Harvard da Stanford, masu asibitoci da ɗakunan bincike da dubban masu digiri na uku. Suna kuma da wasu ƙananan kwalejoji masu tsananin wuyar shiga, irin su Williams, wadda aka kafa a 1793, da Amherst ta 1821, da Swarthmore. Kowacce ɗalibanta ba su wuce dubu biyu ko kusa da haka ba. Kusan digirin farko kawai suke bayarwa. Ɗalibi ba ya shiga da kwas ɗinsa a hannu kamar yadda muke yi: yakan ɗanɗana tarihi da lissafi da kimiyya da adabi tukuna, sai wajen ƙarshen shekara ta biyu ya zaɓi fanninsa. Aji kan zama mutum goma sha wani abu, farfesa da kansa ke koyarwa, shi ke duba rubutunka. Kofi Annan a irin wannan kwalejin ya yi digirinsa, Macalester, ya gama a 1961. Obama ma ya fara da ƙarama, Occidental, ya yi shekara biyu kafin ya koma Columbia a 1981.

Mu kuma fa? Kafin zuwan Bature, karatunmu na ilimi gaba ɗaya tsarin ƙaramar makaranta ne. Zaure, tabarma, malami ɗaya, almajirai 'yan kaɗan, kowa da littafinsa. Malami ya san wanda ya yi muraja'a da wanda ya kwana yana barci. In ka sauke littafi a gabansa, shi zai ba ka izini, da sunansa za a san ka. Abdullahi ɗan Fodiyo har littafi ya rubuta, Ida'un Nusukh, yana lissafa malamansa ɗaya bayan ɗaya da abin da ya karanta wurin kowanne. Amma su ma na da ɗin sun san zaure ɗaya ba ya ƙosar da mai neman ilimi. Birnin Gazargamu, nan ƙasarmu ta Yobe, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15, ya tara malamai daga ko'ina har zuwa faɗuwarsa a 1808. Tun a ƙarni na 13 ma mutanen Kanem suka gina makaranta a Alƙahira don ɗalibansu da mahajjatansu. Wato kakanninmu sukan fara a zaure, in ƙafa ta yi ƙwari su nufi babban birni.

A zamanin boko, abin da ya fi kama da waccan kwalejin ta Amurka a wurinmu shi ne Kwalejin Katsina. An fara karatu a cikinta a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922. Manufarta horar da malaman da za su koyar a makarantun larduna. Ginin ƙasa ne, yana nan har yau a Katsina, an mai da shi gidan tarihi. Daga kowane lardi akan tsamo yara 'yan ƙalilan a tura, su yi wajen shekara biyar. Don ku ga ƙanƙantarta: kowane ɗalibi yana da lambar shiga, ana bi a jere tun daga na farko. Ahmadu Bello, da ya shiga a 1926, shi ne na 87. Abubakar Tafawa Ɓalewa, da ya shiga a 1928, shi ne na 145. Shekara bakwai ke nan da buɗewa, duk waɗanda suka taɓa shiga ba su kai yawan 'yan aji ɗaya na wani sashe guda a jami'o'inmu na yau ba.

Ku duba waɗanda suka fito. Sardauna. Tafawa Ɓalewa. Abubakar Imam, wanda shekara guda bayan gamawarsa ya shiga gasar 1933 da Ruwan Bagaja. Aliyu Makaman Bida. Sa'adu Zungur. Namu na Borno, Kashim Ibrahim, wanda ya yi karatu can daga 1925 zuwa 1929, tun jirgin ƙasa bai iso Nguru ba, don sai 1930 layin dogo ya ƙaraso. Cikin malamansu akwai Malam Bello Kagara, mai Ganɗoki. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, inda Aminu Kano ya ƙarasa nasa karatun, ta koma Zariya a 1949, a 1971 ta zama Barewa. Daga wannan jinin aka samu shugabannin ƙasa biyar: Tafawa Ɓalewa, Gowon, Murtala, Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa.

Me ƙanƙantar ta yi musu? Malami yana da lokacin da zai tsaya kan yaro ɗaya har sai lafazinsa ya miƙe. Turancin Tafawa Ɓalewa da duniya ta yi ta mamaki, ba a gidansu ya gaje shi ba. Shi ba ɗan sarki ba ne, mahaifinsa ma'aikacin gidan hakimi ne. A babban aji, yaro mai kunya daga ƙauye irinsa zai iya zama a layin baya ya gama ba wanda ya taɓa jin muryarsa. A Katsina babu layin baya. Sannan zaman tare, cin abinci tare, wasan fayis tare, ya ƙulla zumuncin da ya riƙe siyasar Arewa shekara da shekaru. Ɗan Sakkwato ya san halin ɗan Borno tun suna samari, tun kafin kujera ta shiga tsakani.

Sai dai akwai ɗaya fuskar, wadda masu yabon Katsina ba su cika son faɗa ba. Kwalejin ba ta ba kowa digiri ba, ba a kuma tsara ta don ta shirya mutum zuwa jami'a ba. Babu mace ko ɗaya. A farkonta ta 'ya'yan Musulmi ce daga masarautu, yaran da suka yi makarantun mishan ba su da gurbi. Wanda hakimi ko Baturen makaranta bai gani ba, komai hazaƙarsa, yana gida yana kiwo. Ina yawan tunanin yara nawa ne a ƙauyukanmu na Manga suka yi daidai da ɗalibi na 145 a kaifin ƙwaƙwalwa, amma ba wanda ya zo ya zaɓe su. Su kansu zaɓaɓɓun, da suka so ƙari, sai da suka fita. Sa'adu Zungur ya tafi Yaba a Legas a 1934. Tafawa Ɓalewa ya tafi Landan a 1945, Aminu Kano ya bi bayansa a shekarar da ta biyo.

Lokacin da 'yancin kai ya gabato, sai lissafi ya fito. Arewa na buƙatar likitoci da injiniyoyi da alƙalai da masana noma, ga shi masu digirinta ba su taka kara sun karya ba. Jami'a ɗaya ce a ƙasar, ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948. Kwamitin Ashby ya miƙa rahotonsa a 1960, ya ba da shawarar ƙarin jami'o'i. Ranar 4 ga Oktoba, 1962, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello da ɗalibai 426, Norman Alexander na shugabanta, kafin Ishaya Audu ya karɓa a 1966. Abin lura a nan shi ne, ɗalibi na 87 na ƙaramar kwalejin nan shi ya tsaya tsayin daka aka gina babbar jami'ar. Ya fi kowa sanin daɗin ƙaramar makaranta, ya kuma fi kowa sanin ba za ta ishi jama'a ba.

Abin da Samaru ta kawo, Katsina ba za ta taɓa iya kawowa ba. Asibitin koyarwa, wanda yanzu yake Shika. Cibiyar binciken noma. Koyon likitan dabbobi, injiniyanci, zanen gine-gine, shari'a da mulki a Kongo. Laburaren da aka sa wa sunan Kashim Ibrahim, shi ma ɗan Katsinan. A sashen tarihi, Abdullahi Smith da ɗalibansa irin su Yusufu Bala Usman suka sauya yadda ake karanta tarihin ƙasar Hausa da Borno, aka kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970 don adana takardu. Irin wannan aikin sai inda aka tara mutane da yawa masu saɓanin ra'ayi, ana musu ana kai ruwa rana. Kuma ƙofa ta buɗe wa ɗan talaka da 'ya mace da ɗan kowace ƙabila.

A tsakanin biyun akwai wani misali da nake so. Kwalejin Abdullahi Bayero a Kano, wadda ta samo asali a 1960, ta zama reshen jami'ar Zariya a 1962. A 1964 ta ɗauki ɗaliban digirinta na farko, su goma cif. Larabci da addini da tarihi da harsuna ake karantawa, har ta taɓa zama a tsohon otal ɗin filin jirgin Kano kafin ta samu matsuguni. Wannan ita ce ƙaramar kwalejin ilimin ɗan Adam tamu ta gida. A 1977 ta zama Jami'ar Bayero, yau kun ga yadda take. Haka abin yake a wurinmu: ba mu cika barin makaranta ta zauna ƙarama da gangan ba. Matsin neman gurbi ba ya bari. Waɗanda suka zaɓi ƙanƙanta da niyya masu zaman kansu ne, kamar Jami'ar Amurka da ke Yola, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 2005, ko Ashesi a Gana, wadda Patrick Awuah, tsohon ɗalibin Swarthmore, ya buɗe a 2002 da ɗalibai 30. Kuɗin irin waɗannan kuwa, in ba tallafi aka samu ba, ba na ɗan manomin gero ba ne.

Saboda haka kada mu ruɗi kanmu. Ƙaramar jami'a a Najeriya sau da yawa sabuwa ce kawai, ba ta girma ba tukuna. Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu 2006 aka kafa ta, ta Tarayya da ke Gashuwa 2013. Ƙarancin ɗalibai alheri ne in akwai malamai da littattafai da kayan gwaji. In babu su, aji na mutum ashirin da aji na mutum dubu duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Bari in faɗi nawa. Digirina na farko a wata babbar jami'a na yi shi, ba sai na kama suna ba. Na je da taƙamar ni ne na ɗaya a makarantarmu. Lakcar farko, muka cika wani zaure, wasu a tagogi, wasu a tsaye. Lakcara na magana da lasifika, ni kuma Turancin nawa na littafi ne, kunnena bai saba ba. Manganci da Hausa na tashi da su. Rabin abin da ya faɗa ya wuce ni, kunya ta hana ni ɗaga hannu. Semesta ta farko na kwaso kariyoba biyu. Wata jarrabawar ma sakamakona ya ɓace, na yi wata uku ina zarya ofis-ofis, ba wanda ya san fuskata balle ya tsaya mini. Wani abokina ɗan Nguru da muka shiga tare, wallahi ya fi ni ƙwaƙwalwa, bai kai aji biyu ba ya tattara ya koma gida. Ba wanda ya kore shi. Ba dai wanda ya lura yana nitsewa ne.

Amma a can ɗin dai na zauna ɗaki ɗaya da ɗan Tibi da Bayarabe da Bafulatanin Adamawa. A can na fara jin an ƙaryata abin da na ɗauka kowa ya yarda da shi, na koma laburare na nemo hujja. A can na gane ashe na ɗaya a Kumagannam kifin rijiya ne. Yanzu a digiri na biyu mu tara ne a aji. Malaminmu ya san wanda bai karanta babin da aka bayar ba tun daga yadda ya zauna. A wata shida rubutuna ya gyaru fiye da yadda ya gyaru a shekara huɗu. Na ɗanɗana biyun, shi ya sa ba na yarda da mai cewa ɗaya ta fi ɗaya kai tsaye.

To wa ya dace da ƙaramar? A ganina, ɗalibin da ke da ƙwaƙwalwa amma tushensa na da rauni, musamman Turanci, yana buƙatar wanda zai zauna da shi. Haka mai kunya, wanda ba ya iya kutsawa ya tambaya. Haka ɗan shekara sha shida ko sha bakwai da bai taɓa kwana a wani gari ba. Haka wanda aljihun gidansu ba zai ɗauki kuɗin mota da haya da abinci a babban birni ba. Ku tuna yajin aikin 2022 wata takwas ya ɗauka, wanda ya biya hayar shekara a wani gari ya san yadda ta ƙare. Ga kuma 'yan mata da yawa a yankinmu waɗanda zaɓin da ke gabansu shi ne jami'ar kusa ko zaman gida. Sai dai ƙaramin wuri na da nasa ciwon. In ka saɓa da malami ɗaya, shi za ka sake tararwa a aji biyu da uku da huɗu. Kowa ya san motsinka. Kuma za ka iya gamawa ba ka taɓa zama da wanda ya bambanta da kai ba.

Wa ya dace da babbar? Na farko, wanda kwas ɗinsa ba ya yiwuwa sai da manyan kaya: likitanci, likitan dabbobi, haɗa magunguna, injiniyanci. A nan babu dogon tunani, ka je inda asibitin da ɗakin gwajin suke. Na biyu, mai tura kansa da kansa, wanda zai nemi ofishin farfesa ya ƙwanƙwasa ba tare da an aike shi ba. Na uku, wanda ya saba zama zakara a garinsu, yana buƙatar ya ga zakarun wasu garuruwa. Na huɗu, mai son bincike mai zurfi ko siyasar ɗalibai ko kasuwanci, wanda yawan jama'a jari ne a wurinsa. Babbar jami'a kamar kasuwar Kurmi take: akwai komai, amma ba mai kama hannunka ya nuna maka rumfa.

Kafin ka danna sunan kowace makaranta, ka binciki sashen, kada ka tsaya ga ƙofar shiga. Hukumar NUC ta amince da kwas ɗin? Malamai nawa ne na dindindin a sashen? 'Yan aji ɗaya su nawa ne? Ka nemi ɗan aji uku a can ka tambaye shi, zai faɗa maka abin da ba ya cikin takardar talla.

Ran Litinin na kira ƙanwata. Na ce mata: "In da gaske likitanci kike so, har zuciya, to ni zan zauna da Baba, sai mun nemi inda asibitin koyarwa yake ko da nisa. Amma wadda ta ce likita ko lauya ko kwamfuta a numfashi ɗaya, suna take so, ba ta zaɓi fanni ba tukuna." Ta yi dariya ta ce Yaya ka fiye tsokana. Na ce ta ba ni amsa kafin ranar cike fom. Jiya ta turo saƙo cewa ta yi tunani, ilimin halittu take so, shi ne darasin da ba ta gajiya da shi, kuma za ta sa ta kusa a zaɓin farko. Amma da sharaɗi: in ta fita da sakamako mai kyau, digiri na biyu a Zariya za ta yi, kuma ni zan shaida wa Baba tun yanzu don kada a zo ana musu. Na kira Baba daren jiya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah ya kai mu." Wanda ya san Baba ya san wannan rabin amincewa ce. Sauran rabin sai na je hutun sallah.

'Yan uwa da ke da ƙanne masu cike fom bana, ku zauna da su, ku dubi halin yaron kafin ku dubi sunan makarantar. Allah ya ba su gurbin da zai zame musu alheri, mu kuma ya sa mu gama lafiya. Amin.